Shin "auren gargajiya" da ake karewa a Amurka irin namu ne?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Ni dai na tsaya a kan maganata ta jiya: masu ra'ayin riƙau na Amurka da ke yaƙi da auren jinsi, tafiyarmu ɗaya da su. Sun ce aure tsakanin namiji da mace ne, don haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya. Mu ma abin da muke faɗa ke nan. Ko a 2015 da Kotun Ƙolinsu ta halatta abin, alƙalai 4 cikin 9 ƙin amincewa suka yi.

Barista: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara girma, amma a nan ban bi ka ba. Duba abin da suke kira aure. Dokar da Clinton ya sa wa hannu a 1996 cewa ta yi namiji ɗaya da mace ɗaya, kuma wannan "ɗaya" ɗin da gangan aka sa shi. Tun 1866 wata kotu a Ingila, a shari'ar Hyde, ta ce aure shi ne zaman namiji ɗaya da mace ɗaya har mutuwa, ba tare da wani na uku ba. A 1879 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa wani ɗan ɗariƙar Mormon saboda ya ƙara mata ta biyu. Kai da ke da iyali biyu, a dokarsu aurenka na biyu laifi ne. Shi kansa Alƙalin Alƙalai John Roberts, ɗaya daga cikin alƙalai 4 da suka ƙi amincewa, cikin hujjojin da ya kawo a 2015, ya ce dalilan da aka bi aka halatta auren jinsi za su iya buɗe ƙofar auren mace fiye da ɗaya. Gargaɗi ya yi da abin da aya ta 3 a Suratun Nisa'i ta halatta mana.

Baban Khalifa: To ai ba sai mun yarda a komai ba, Barista. Idan gobara ta tashi a unguwa, ba a tambayar mai kawo ruwa mazhabarsa.

Malam Na Zariya: Alhaji, ni abin da ya fi damuna aron hujja ne. Matsayin addini a fili yake, babu auren namiji da namiji ko mace da mace, kuma ban san malamin mazhabobi huɗu da ya saɓa ba. Amma da ka ce aure don haihuwa ne kawai, ka ɗauko makamin da ya karye a hannun masu shi. A 2013, lokacin shari'ar hana auren jinsi a jihar Kalifoniya, Mai Shari'a Elena Kagan ta Kotun Ƙolin Amurka ta tambayi lauyan masu adawa da auren jinsi ko za a iya hana aure ga waɗanda suka haura shekara 55, tunda da wuya su haihu. Ya yarda ba za a iya ba. A wajenmu ana ɗaura aure da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu, da siga. Babu inda aka ce sai an tabbatar za a haihu. Aya ta 21 a Suratur Rum natsuwa ta ambata, da soyayya da jinƙai. Haihuwa babbar manufa ce, amma ba sharaɗin inganci ba ce.

Maman Ummi: Allah ya saka da alheri, Malam. Ku maza ba ku san yadda wannan magana ke sukar mata ba. Gwaggona ta tsufa a ɗakin mijinta ba ta taɓa ko ɓari ba. Ita ta raini 'ya'yan kishiya, ita ta yi jinyarsa har ya cika, amma dangin miji ba su fasa kiranta juya ba. Duk sanda aka ce aure don haihuwa ne, irinta ake gaya wa cewa zamanta bai cika aure ba. Ku nemi wata hujjar, don Allah.

Yaya Sani (Ohayo): Bari in ƙara abu ɗaya, tunda a jihar da shari'ar 2015 ɗin ta taso nake zaune. Jim Obergefell, wanda ya shigar da ƙarar, bai je kotu don a tilasta wa coci ko masallaci ɗaura masa aure ba. Abokin zamansa John Arthur yana kan gargarar mutuwa, suka je Maryland aka yi musu rajista a 2013, sai ya nemi Ohayo ta rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar Arthur a matsayin abokin aurensa. A nan takardar aure ta gwamnati ita ke buɗe gado, haraji, inshorar lafiya da shiga wajen marar lafiya a asibiti. Limaminmu bai taɓa ɗaura irin wannan aure ba, kuma ba wanda ya tilasta shi. Ba goyon baya nake ba, amma mu san a kan me suke rigima.

Baban Khalifa: Sani, haka ake farawa. Holan ce ta fara halatta auren jinsi a 2001, yau ƙasashe sun haura 30. Doka tana koya wa yara abin da za su ɗauka daidai ne. Shi ya sa na yaba da dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014.

Barista: Wannan tsoron naka na fahimce shi, Alhaji, kuma ba wasa ba ne. Sai dai dokar 2014 ɗin, mai ɗaurin shekara 14, kotu ta ba wa hukunci, ba matasan unguwa ba. Ana kama yara a wajen biki a ɗora hotunansu a Facebook kafin a tabbatar da komai, alhali shari'ar Musulunci ta tsananta a kan shaida kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Sannan ka duba Afirka ta Kudu: ta amince da auren gargajiya mai mata da yawa a 1998, ta amince da auren jinsi a 2006. Ita kuwa dokar da Biden ya sa wa hannu a 2022 ta kare auren jinsi, ta kuma faɗa ƙarara cewa ba ta shafi auren fiye da mutum biyu ba. To a cikin 'yan majalisar Amurka, masu goyon baya da masu adawa, wa ya tashi ya kare aurenka?

Baban Khalifa: Babu, na ji. Amma ko gobe aka kaɗa ƙuri'a a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan ma'anar iyali, gara mu tsaya da su da mu tsaya mu kaɗai.

Malam Na Zariya: Ƙuri'a daban, Alhaji. Ka tsaya da su a can in ka ga maslaha. Abin da ba zan yarda ba shi ne a hau mumbari ana karanta wa mutane ma'anar auren kotun Ingila a matsayin tamu.