Wace rauta zan saya a gida? Don Allah a ba ni shawara

Baban_Khalifa:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Masana harkar netwok don Allah a taimaka. Ina zaune a Kano wajen Rijiyar Zaki, gidan ɗaki uku ne da falo, sai wani ɗaki a ƙofar gida da na mayar ofis ina ɗan buga takardu da cike wa ɗalibai fom. A ofis akwai kwamfutar tebur da firinta, cikin gida kuma laftof ɗina da ta uwargida da wayoyi wajen shida in an haɗa da na ƙannena, ga TV mai YouTube da yara suka maƙale mata. Duk da ƴar MiFi ɗaya muke lallaɓawa, in tana ofis cikin gida babu, in an kai ta falo ni aiki ya tsaya, kullum cikin aiken yaro ake ya ɗauko ta, batirin ma har ya fara kumbura saboda zafi.

Na leƙa Farm Centre an nuna min kala-kala, wani ya ce in ɗauki mai eriya huɗu, wani ya ce sai mai 5G, wani ma cewa ya yi in haƙura in tara kuɗin Starlink, intanet ɗin nan ta tauraron ɗan adam, kawai. Ni dai burina waifai ya kai ko'ina a gidan, kuma in tura aiki daga laftof ya fito a firinta ba sai na ɗauki filashi ba. Abin da na ware bai wuce dubu 100 ba. Wacce zan ɗauka?

Injiniya_Auwal:

Wa alaikumus salam Baban Khalifa. Kafin a zo maganar wacce za ka saya, fara sanin ta ina intanet ɗin zai shigo gidan, don abu biyu ne duk a kasuwa ake ce musu rauta. Akwai mai cin sim, ita da kanta take kamo netwok ta raba, akwai kuma wadda ba ta da wurin sim kwata-kwata sai an kawo mata intanet ta waya an soka a ramin da aka rubuta WAN. Irin su TP-Link Archer C6 mai eriya huɗun nan, rauta ce mai kyau wallahi amma ba ta cin sim, mutane da yawa sai sun kai ta gida sun gama jujjuya ta suna neman ramin sim sannan su gane. To ka kula da wannan tukuna.

In faiba, wato intanet ɗin da kamfani ke jawowa ta waya har cikin gida, ta iso layinku to magana ta ƙare, ita ta fi, kuma kamfanin ne yake kawo nasa akwatin. In ba ta iso ba sai sim. Amma kar ka sayi komai sai ka gwada: ka samu sim na MTN da Airtel da Glo ko na aro ne, ka sa a wayarka ka buɗe fast.com a ofis, a falo, da jikin taga, kuma ka yi gwajin da daddare tsakanin takwas da goma lokacin da kowa ya hau, don gudun da za ka gani da sassafe yaudara ce. Wanda ya fi ƙarfi a gidanka shi ne naka, ba wanda ya fi a gidan abokinka ba, unguwa ɗaya ma layi da layi yana bambanta.

A masu cin sim, TL-MR6400 ita ce mai sauƙin kuɗi, amma waifai ɗinta 2.4GHz ne kaɗai, ba ta da 5GHz mai sauri, kuma gudun ramukanta na waya 100Mbps ne. Archer MR600 ko Huawei B535 sun fi ta, suna da 2.4 da 5GHz duka, ramukansu gigabit wato 1000Mbps, kuma suna iya haɗa band biyu na 4G, wato hanyoyin da hasumiya ke turo siginal, lokaci ɗaya in hasumiyar unguwarku ta bayar. Ka duba bayan kwali ka ga tana ɗaukar band 3 da 7 da 20 da 28, musamman 28 ɗin in Glo za ka sa, wasu na gwanjo da aka kwaso daga Turai ba su da shi. Sannan kar a rikita ka, 5GHz na waifai daban, 5G na kamfanin waya daban, za ka ga an rubuta 5G a jikin sunan waifai mai shago ya ce maka ai ga shi nan, alhali 4G take kamowa.

Maganar ya kai ko'ina kuwa, gaskiya yawan eriya ba zai fasa bangon bulo ba. Ginin mu na nan bulo ne da siminti, wani wurin ga dakin da rodi ga ƙofar ƙarfe, 5GHz bango biyu ya ƙetare ya galabaita, 2.4 ya fi nisa amma shi ma daga falo zuwa ɗakin ƙofar gida sai dai ka ga sanda ɗaya tana zuwa tana ɗaukewa. Maganin shi ne waya. Rauta ta zauna a falo, a sama kusa da taga, ba bayan TV ba ba cikin durowa ba, sai a ja wayar netwok da ake ce wa Cat6 zuwa ofis, tana kai mita 100 ba ta rage komai ba.

Dan_Kwari:

Oga duk wannan dogon lissafin na meye, ka je ofishin kamfanin da ya fi kamawa a unguwarku ka sayi rautarsu kawai, ta fi araha nesa ba kusa ba kuma da kyautar data take zuwa, ka kunna ta fara aiki. Ni ita ce a shagona mu huɗu muke kai lafiya lau. Illarta ɗaya a kulle take, sim ɗinsu kaɗai take ci, ranar da netwok ɗinsu ya kwanta kai ma ka kwanta sai ka koma hotsfot na waya.

Sadiq_Zariya:

Ni a ganina tunda harkar ofis ta shigo ciki MikroTik ya kamata ya nema, hAP ac2, ƴar ƙarama ce ramuka biyar duk gigabit, za ka iya yanka wa kowa iya gudun da zai sha, ka ware ofis daban gida daban, har tikiti za ka iya sayar wa maƙota in ka ga dama. Sai dai ba ta cin sim ita ma, a bayan wata za ta zauna.

Ummu_Hanan:

Malam Sadiq ka yi haƙuri amma wanda yake tambayar wace rauta zai saya ba shi za a haɗa da MikroTik ba, ranar da ta rikice sai ya biya kuɗin mota an ɗauko masa mai gyara. Waɗancan na TP-Link da manhajar Tether a waya ake saita su, ko ni ina yi.

Baban Khalifa ni abin da zan ƙara maka biyu ne da ban ga an taɓo ba, wuta da data. Rauta ba MiFi ba ce, yawanci ba ta da batir, NEPA na ɗaukewa ta mutu, ko janareta aka tayar sai ta ɗau minti biyu uku tana sake kamo netwok, in kana tsakiyar biyan kuɗin rajistar wani ɗalibi ka san abin da hakan yake nufi. Ka cire wani abu cikin kuɗin nan ka sayi ƙaramin UPS na rauta, ɗan akwati ne mai batir da ke fitar da wutar 9V da 12V, yana riƙe ta awanni tunda wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba.

Data kuma ka shirya, don ranar da waifai ya wadata a gida shan ta ninkawa yake. TV ɗin nan ita ce babbar mai laifi, da ta ga netwok mai ƙarfi sai ta ɗaga bidiyo zuwa HD da kanta, awa ɗaya tana iya shanye giga 2 zuwa 3, yara kuma katun ba ya ƙarewa. Ka shiga saitin YouTube ka sauke shi zuwa 480p, su ba ruwansu. Laftof ma ka sa mata metered connection, wato saitin tsimin data, kar Windows ta riƙa sauke sabuntawa cikin dare. Kuma wanda ake cewa unlimited ka karanta ƙananan rubutun, akasari in ka kai wani adadi rage maka gudu ake yi har wata ya ƙare. Fasawod kuwa in ka ba ƙannenka ka ba unguwa ne, wayoyin yanzu da QR ake raba shi ko ba a faɗa ba, gara ka buɗe musu na baƙi daban ka riƙa canzawa, na ofis ka riƙe abinka.

Baban_Khalifa:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya kamar kin san gidan, maganar katun ɗin nan haka take. Injiniya firintar HP LaserJet ce tsohuwa, USB kawai gare ta, za ta yi? Daga falo zuwa ofis kamar mita 20 ne amma sai an ratsa tsakar gida. Wani ya ce min akwai ɗan abin da ake soka wa a soket yana ƙara ƙarfin waifai ba sai an ja waya ba, ya kake gani? Starlink ɗin fa, in cire rai?

Injiniya_Auwal:

Rifita kenan yake nufi. Tana aiki amma abin da ta ji shi take maimaitawa, in siginal ya iso mata a raunane haka za ta raba shi a raunane, wayarka ta nuna sanda cike amma shafi ya ƙi buɗewa, kuma masu arahar nan gudun yana raguwa kusan rabi don da rediyo ɗaya take karɓa take turawa. Mita 20 ai ba komai ba ne, ja wayar kawai. Ka ce a ba ka mai jan ƙarfe zalla, akwai ta alminiyon da aka lulluɓe da ɗan jan ƙarfe ana ce mata CCA, ta fi araha amma saurin karyewa gare ta, ka ɗan kankare bakin da reza in ka ga fari a ciki to ita ce. Inda za ta ratsa tsakar gida a zura ta cikin bututun PVC, ranar Kano ba ta barin roba, kuma kar a haɗa ta bututu ɗaya da wayar wuta.

A ofis ka sa ƴar ƙaramar rauta irin TL-WR840N, ka shiga saitinta ka zaɓi Access Point Mode, in tsohuwa ce babu wannan zaɓin sai ka kashe mata DHCP, wato saitin da ke raba wa na'urori adireshi, ka soka wayar a ramin LAN maimakon WAN. In ba ka yi haka ba gida zai zama netwok ɗaya ofis wani daban, laftof ba za ta ga firinta ba. Ka ba su suna ɗaya da fasawod ɗaya, a saitin tashar waifai wato channel ka sa ta falo a 1 ta ofis a 6 ko 11 don kar su riƙa danne juna. Kwamfutar tebur ka soka mata waya kai tsaye daga nan.

Firinta za ta yi, ka bar ta a jikin kwamfutar tebur ka kunna sharing a Windows, sharaɗin dai sai kwamfutar tana kunne aiki zai fita. In hakan ya dame ka gaba akwai ɗan print server na USB da ake sayarwa, mai haɗa firinta da netwok kai tsaye, amma ka tabbatar yana ɗaukar samfurin firintarka kafin ka biya, ba duka suke jituwa ba.

Starlink tun farkon 2023 take Najeriya kuma tana aiki, amma kuɗin kayanta kaɗai ya ninka abin da ka ware, ga na wata, ga wuta tana cin wat 50 zuwa sama alhali rautar sim ba ta wuce goma da ɗoriya ba, sai mai sola ko inbata tsayayye. Ta fi dacewa da inda netwok ɗin waya ba ya kaiwa.

Ranar da ka kunna, kafin komai ka canza fasawod ɗin shiga saiti daga admin ɗin da take zuwa da shi, a tsaron waifai ka sa WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS mai bari a haɗa ba tare da fasawod ba. UPS ɗin da Hajiya ta ce kuma ka duba rubutun jikin cajar kowace rauta kafin ka jona, WR840N yawanci 9V ce, manyan 12V, in ka ba ƙaramar 12 tana iya ƙonewa. Da damina in hadari ya taso da tsawa ka zare wayar da ta ratsa tsakar gidan ta ɓangare biyun har ruwa ya wuce.