Shawarwari ga mai son ƙera littattafan yara masu hotuna masu miƙewa

Waɗanda suka tattauna rayuwar Robert Sabuda, Ba'amurken da aka haifa a 1965 a jihar Mishigan, wanda ya shahara wajen ƙera littattafan yara masu hotunan da ke miƙewa idan an buɗe shafi, sun fi ƙarfafa shawara guda, wato mai sha'awar wannan sana'a ya fara da farar takarda mai kauri da almakashi da gam, ya bar batun launi sai hoton ya riƙa miƙewa yana kwanciya ba tare da ya maƙale ba. Sabuda ya karanci zane a kwalejin Pratt, amma tun yana yaro yake gwada ninke takarda a gida. Wasu kuma sun ja hankali kan kuɗi, kuma suna da gaskiya, domin da hannu ake haɗa kowane kwafi a masana'anta, duk wurin da aka ƙara liƙawa farashi ne ke ƙaruwa.