Ina so in kammala zanen kwana 31, amma wuyan hannuna ya fara ciwo

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu zane da masu sana'ar hannu. Ni mazauniyar Garwa ce a ƙasar Kamaru, kuma da zanen lalle nake ci nake sha, sai dai tun ina makaranta nake son zane a takarda. A bana na shiga Inktober, wato al'adar nan da wani mai zane ɗan Amurka, Jake Parker, ya fara a shekarar 2009, inda mutum yake yin zane ɗaya da tawada a kowace rana daga 1 zuwa 31 ga Oktoba yana nuna wa jama'a. Ban bi jerin kalmomin da masu shirya ta suke fitarwa domin a yi zane a kansu ba, na zaɓi in zana garinmu, kuma zuwa yanzu na yi gadar Binuwai, da dorina a cikin kogi, da motocin auduga, da mai shayin bakin layinmu.

Yau kwana 9 ke nan, kuma tun daga kwana na 5 nake jin ciwo a gefen wuyan hannuna na dama, daidai gindin babban yatsa. Yana tsananta idan na matse tsumma, ko na ɗaga buta, ko na ɗauki jaririn yayata. Ya taɓa kama ni bayan ƙaramar Sallah, lokacin da na yi wa mata lalle kwana uku a jere, amma ya lafa da kansa. Zanen yana cin sa'o'i biyu bayan sallar isha, domin salona na ƙananan layuka ne da ɗige-ɗige irin na lalle, da alƙalami mai siririn baki. Bara na tsaya a kwana na 12, kuma a bana na faɗa wa kowa cewa sai na kai ƙarshe. Ga kuma bukukuwa biyu a ƙarshen wata waɗanda na riga na karɓi kafin alƙalaminsu. Shin akwai hanyar da zan ci gaba ba tare da na nakasa hannun ba?

Wata ma'aikaciyar jinya daga Ngawundare:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sai an taɓa hannun za a tabbatar, amma wurin da kika kwatanta da ayyukan da suke tayar da ciwon sun yi kama da abin da likitoci suke kira ciwon De Quervain, da sunan likitan ƙasar Suwizalan da ya bayyana shi a 1895. Akwai jijiyoyi biyu masu ɗaga babban yatsa waɗanda suke bi ta cikin wani ƙuntataccen kube a gefen wuyan hannu, kuma idan aka maimaita motsi ɗaya fiye da kima sai kuben ya yi kauri, jijiyoyin su riƙa gogar sa duk lokacin da yatsan ya motsa. Matsa ledar lalle, da riƙe siririn alƙalami da ƙarfi, da rubutu a waya da babban yatsa, da ɗaga jariri ta ƙarƙashin hamata, duk aiki ɗaya ne a wurin waɗannan jijiyoyi. Ke kina lissafin sa'o'i biyu na zane, alhali hannunki yana lissafin yinin gaba ɗaya.

Ki je asibiti a cikin makon nan, ki nemi a haɗa ki da likitan gashin ƙashi, wanda a nan muke ce wa kine. Abin da aka saba farawa da shi shi ne hutu, da maɗaurin hannu mai tauri wanda yake riƙe babban yatsa tare da wuyan hannu, da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na kamar minti 15. Idan makonni suka wuce bai lafa ba akwai allurar da likita yake yi a cikin kuben, wadda take taimaka wa mutane da yawa. Amma idan kika fara jin babban yatsa da manuni da na tsakiya suna sagewa, musamman cikin dare har su tashe ki daga barci, wannan wata matsala ce ta daban, ta jijiyar da take kai saƙon ji, kuma ba a jinkiri da ita.

Wani ɗan'uwa mai sana'ar babur daga Kusuri:

Malama, mu da muke riƙe da kan babur tun safe har dare mun san wannan ciwo. Ki shafa man zafi, ki sha ƙwayar kashe ciwo kafin ki zauna zane, kwana 22 da suka rage ba su da yawa.

Ma'aikaciyar jinyar ta sake cewa:

Ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri, amma ban yarda da wannan ba. Ƙwayar da aka sha domin a iya ci gaba da aiki tana toshe bakin mai gargaɗi ne kawai, jijiyar kuma tana ci gaba da gogewa. Diklofenak da ibuprofen suna rage raɗaɗi na 'yan kwanaki idan an sha bisa ƙa'ida, amma yawan shansu yana jawo gyambon ciki kuma yana taɓa ƙoda. Tramol kuwa duk mun ga abin da ya yi wa matasa a garuruwanmu, don haka kada ta kusance shi.

Wani dattijo mai zayyanar allo daga Marwa:

'Yata, na shekara fiye da 30 ina zayyanar allunan sauka, kuma akwai lokacin da hannuna ya ƙi riƙe ko cokali. Abin da na lura da shi shi ne, alƙalamin zamani yana sa mutum ya danna, shi kuwa alƙalamin kara ba ya karɓar danni, domin da zarar kin matsa masa bakinsa zai baje. Sannan tawadarsa tana ƙarewa bayan 'yan kalmomi, dole ki ɗaga hannu ki tsoma a kurtu, kuma wannan tsomawar hutu ce da ba mu san muna yi ba sai da muka bar ta. Ki sami kara mai kauri a fiƙe miki, ko buroshi, ki haɗa da tawadar da take gudu ba tare da wahala ba. Idan kuma sai da naki alƙalamin, ki naɗa masa tsumma har ya yi kaurin babban yatsanki.

Ki daina zane a kan tabarma kina sunkuye. Ki jingina allo a karkace a gabanki, ki ɗauki babbar takarda, ki bar gwiwar hannu da kafaɗa su ja layin. Dorina ba ta bukatar ɗige dubu, layi biyar masu kauri sun isa a gane ta. Na san za ki ce wannan ba salonki ba ne, amma salon ɗige-ɗigen shi ne wanda amare suke biyan ki kuɗinsa, saboda haka ki ajiye musu shi.

Wani mai zane daga Injamena:

Yaya, ina ganin kin ɗora wa kanki dokar da masu abin ba su ɗora ba. A ƙa'idojin Inktober an faɗa cewa mutum yana iya yin zane kullum, ko ya riƙa tsallake kwana ɗaya, ko ma ya yi sau ɗaya a mako, kuma tun 2020 akwai Inktober52, wanda zane ɗaya ne a kowane mako har shekara ta zagayo. Babu mai bin ki da rajista. Ni da na sami irin wannan matsala na yi mako guda ina zane da hagu, minti 10 kawai a rana, kuma duk da layukan sun karkace mutane sun fi yin magana a kansu fiye da sauran. Sai dai ki kula, hagun ma yana gajiya da wuri tun da bai saba ba.

Mai tambaya ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, maganar ajiye wa amare ɗige-ɗige ta shige ni, domin ban taɓa tunanin cewa da hannu ɗaya nake kashe kuɗin da nake nema ba. Jiya ban yi zane ba, kuma na kwana ina jin kamar na karya alkawari, amma da safe na iya ɗaga buta da sauƙi kaɗan. Ranar Litinin zan je asibiti. Idan kine ya amince, zan koma tsallake kwana ɗaya da buroshi a babbar takarda, in tsaya gaba ɗaya kwana 5 kafin bikin farko. Bikin na biyu kuwa na kira wata abokiyar sana'ata mu raba, ita ta yi wa ƙawaye ni in yi wa amarya. Anti, tambaya ɗaya ta rage: shi maɗaurin, ana cire shi a yi alwala a mayar, ko kuwa da dare kaɗai ake sa shi?