Neman shawara: da me ake auna mai jifa kafin a zuba masa miliyoyi?

Ɗaliba daga Maryland:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san besbol a cikinku. Malaminmu na ƙididdiga a jami'a ya ba mu aiki: kowa ya ɗauki kansa shi ne manajan wata ƙungiya a watan Disambar 2019, ya zaɓi mutum ɗaya cikin masu jifan farko (masu fara jefa wa ƙungiya ƙwallo a wasa) huɗu da kwantiraginsu ya ƙare a lokacin, wato Gerrit Cole, Stephen Strasburg, Zack Wheeler da Madison Bumgarner, sannan ya kare zaɓinsa da alƙaluma. Sharaɗin shi ne ba za ka kafa hujja da abin da ya faru bayan ranar sa hannu ba.

Ni zuciyata tana kan Strasburg. A gidan kawuna nake a wancan lokaci, kuma ina tuna daren wasa na shida na World Series, wato jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, a Houston, muna zaune a ƙasa gaban talabijin, tuwo ya huce a kwano ba wanda ya taɓa, shi kuwa yana ta yi wa Nationals jifa har cikin zagaye na tara, wato na ƙarshe, maki biyu kacal aka ci shi. A kakar ya yi nasara 18, ya sha kaye 6, aka kuma ba shi gwarzon World Series. Na rubuta shafi biyu a kan haka, malamin ya dawo mini da takardar ya ja layi a ƙarƙashin "nasara 18" ya sa alamar tambaya, bai ƙara komai ba. Laraba mai zuwa zan miƙa. Ina ne na kuskure, kuma me ya kamata in duba?

Direban tasi a Bronx:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Malaminki ya yi daidai. Ni shekara da shekaru ina jin wasannin Yankees a rediyon mota, kuma abin da na fara koya shi ne nasarar mai jifa ba tasa ba ce shi kaɗai. Sai abokansa masu sanda sun ci maki, sai masu karɓar jifa bayansa sun riƙe abin da ya bari. Ki duba Jacob deGrom a 2018: nasara 10, kaye 9, amma ERA ɗinsa, wato matsakaicin makin da ake cin sa a zagaye tara, 1.70 ne, kuma shi aka ba kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Felix Hernandez ma a 2010 da 13 da 12 ya ɗauke ta. Da nasara ce ma'auni, ba wanda zai kalle su.

Ni Cole zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba. Ya kori masu sanda 326 a kakar nan (kora ita ce fitar da mai sanda da jifa kawai), kyautar tafiya 48 kawai ya bayar (wato barin mai sanda ya wuce tasha ta farko saboda jifa ya kauce sau huɗu), shekara uku a jere yana cika zagaye 200, kuma shekarunsa 29. Mai tsada ne, amma kayan kirki ba ya araha.

Malamar lissafi a Ohayo:

'Yata, sannu da ƙoƙari. Bari in ɗora a kan abin da Malam na Bronx ya faɗa, don ina jin inda malaminki yake so ki je ya wuce maganar nasara.

Ko ERA ɗin, wato matsakaicin makin da ake cin mai jifa a zagaye tara, ba nasa ba ne tsantsa. A 2001 wani mai bincike, Voros McCracken, ya fito da wata magana da ta girgiza masana wasan: da zarar mai sanda ya doki ƙwallo ta faɗa cikin fili, ikon mai jifa a kan ko za a cafke ta ko za ta zama hanya ɗan kaɗan ne. Yawanci kusan uku cikin goma na irin waɗannan ƙwallayen ke tsira, kuma wanda ya yi ƙasa da haka sosai bana, sau da yawa baɗi sai ya dawo tsakiya. Masu tsaron fili da sa'a ne ke da rabo mai yawa a wurin. Abin da ke hannun mai jifa shi kaɗai uku ne: kora, kyautar tafiya, da hom-ron, wato dukan da ke tsallake katangar fili.

Daga nan aka gina ma'aunin FIP, wanda ke auna mai jifa da abin da ke hannunsa kawai. Ki ninka hom-ron da 13, ki ninka kyautar tafiya haɗe da waɗanda ya buga da ƙwallo da 3, ki haɗa su, ki cire kora sau 2, ki raba da yawan zagayen da ya jefa, sai ki ƙara wani adadi da ke ɗan wuce 3 domin ya zo a sikeli ɗaya da ERA. Ki yi wa mutum huɗun nan da hannunki a kan takarda, kada ki kwafo daga intanet, domin a nan za ki ga abin da nake nufi. Wheeler ya gama 2019 da nasara 11, kaye 8, ERA 3.96, wanda in aka kalla sama-sama sai a ce ɗan tsaka-tsaki ne. FIP ɗinsa kuwa 3.48. Wannan tazarar tana gaya miki cewa ya fi abin da allo ya nuna, kuma tsaron ƙungiyarsa ta Mets a shekarar bai taimake shi ba.

Sannan ki raba kuɗin da shekaru. Cole dala miliyan 324 a shekara 9, 36 ke nan duk shekara. Strasburg 245 a shekara 7, wato 35. Wheeler 118 a shekara 5, bai kai 24 ba. Bumgarner 85 a shekara 5, 17. Tambayar ba wai wa ya fi iya jifa ba ce, kowa ya san Cole ne. Tambayar ita ce wa zai ba ki abin da ya fi kuɗin da kika biya. Ni a nan Wheeler nake, kuma zan iya kare shi da abin da aka sani a ranar kawai.

Ɗan Kumasi a Bronx:

Hajiya Malama, da girmamawa, ban yarda a rage wa Bumgarner daraja haka ba. Mutumin da ya fito a wasa na bakwai na World Series a 2014, bayan hutun kwana biyu kacal, ya jefa zagaye biyar ba a ci shi ko ɗaya ba? Akwai abin da lissafi ba ya kamawa, shi ne zuciya. Ga shi kuma shi ne mafi araha.

Malamar lissafi a Ohayo:

Ɗan'uwa, ba wanda ya musa zuciyarsa, ni ma na kalli wasan nan. Amma ƙungiyarsa ta lokacin, Giants ta San Faransisko, ita ta ci moriyar 2014, sabuwar ƙungiya kuwa 2020 zuwa 2024 za ta biya. Ƙwallonsa mai sauri tana kusan mil 91 a awa a lokacin, ta Wheeler kusan 97. Kuma filin San Faransisko yana rufa wa masu jifa asiri, iskar teku da faɗin fili suna kashe ƙwallayen da a wani wuri da sun tsallake katanga. Duk wanda za ka ɗauko daga can sai ka duba yadda yake yi in ya fita waje. Akasin haka shi ne Denba, inda tudu ya kai kusan mita 1,600 kuma ƙwallo ke tafiya da nisa.

Ma'aikaciyar jinya a Filadelfiya:

Ƙanwata, ni ta ɓangaren jiki zan yi magana, don shi na sani, kuma ɗana yana jifa a makarantar sakandare. Duk ranar da ya yi wasa, da mun dawo gida zai zauna a kicin da ƙanƙara a leda naɗe da tawul a gwiwar hannu, ni kuma ina ƙirga jifa nawa ya yi a ɗan littafina. Hannun ɗan Adam ba a yi shi don wannan aiki ba. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu, ita ke ɗaukar nauyin kowane jifa, in ta tsinke sai tiyatar da ake kira Tommy John, sunan ɗan wasan da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974. Jinyarta shekara guda ce zuwa shekara ɗaya da rabi.

To amma ki yi hankali a nan, kada ki ce "an taɓa yi wa Strasburg tiyata, saboda haka ban ɗauke shi ba". An yi masa a 2010, gaskiya ne. Wheeler ma an yi masa a 2015, ya rasa kaka biyu cur. In kika yi amfani da tiyata a kan ɗaya kika kyale ɗayan, malaminki zai gane cewa leƙen gaba kika yi. Abin da ya bambanta su shi ne wannan: Strasburg ya shekara 31, kuma tun 2010 da ya fara, sau biyu kawai ya cika zagaye 200, a 2014 da 2019. Sauran shekarun yau wuya, gobe baya, jibi kafaɗa. Shekara bakwai na nufin za ki biya shi har ya kai 38. Wheeler 29, shekara biyar, kuma kaka biyun da suka gabata ya jefa zagaye sama da 180 a kowacce. A besbol kwantiragi tabbatacce ne, ko ya jefa ko yana kwance sai an biya shi har ƙwandala ta ƙarshe.

Ban ce dogon kwantiragi kullum asara ba ne. Ƙungiyarku ta Nationals ta ba Max Scherzer miliyan 210 na shekara bakwai a 2015 yana da shekara 30, ya kawo musu Cy Young biyu da kofi. Sai dai shi ya zo da tarihin mutumin da da wuya ya tsallake ranar jifansa.

Direban tasi a Bronx:

Abu ɗaya da aka manta, ƙanwata. Dukansu huɗun tsofaffin ƙungiyoyinsu sun yi musu tayin shekara ɗaya na miliyan 17.8 sun ƙi. Dokar ita ce ƙungiyar da ta ɗauki wanda ya ƙi irin wannan tayi tana rasa gurbi a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ki sa shi cikin farashin, in dai ba naki ba ne kike riƙewa. Kuma in faɗa miki gaskiya, ko Cole ɗina bai tsira ba: ya ci Cy Young a 2023, a Maris na 2025 shi ma aka yi masa tiyatar nan.

Ɗaliba daga Maryland:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Malama, na zauna jiya da dare na yi lissafin FIP da hannu kamar yadda kika ce, kuma na ga Strasburg bai faɗi ba a wurin, korarsa 251 ba wasa ba ce. A shekaru da tarihin jiki ne hujjata ta rushe. Na san abin da ya biyo baya, zagaye 31 da sulusi kacal ya ƙara jefawa a wasa takwas kafin ya yi ritaya a 2024, kuma har yanzu in na tuna sai in ji ba daɗi, don shi ya sa na fara son wasan nan. Ba zan sa wannan a takardar ba.

Wheeler zan zaɓa, Cole a matsayin na biyu in ƙungiyar mai kuɗi ce. Saura abu ɗaya: shin kaka uku zan haɗa wajen lissafin, ko 2019 kaɗai? Wheeler bai jefa da yawa ba a 2017, ina tsoron kada ta ɓata mini adadin.

Malamar lissafi a Ohayo:

Ki haɗa ukun, 'yata, ki ba ta kusa nauyi fiye da ta nesa, kuma ki rubuta a fili cewa 2017 ita ce shekarar da ya dawo daga jinya. Kada ki ɓoye ta. In kin gama ki turo mini teburin kafin Talata da yamma in duba miki.