"Ido ba mudu ba, ya san kima": har a hoton mujiya?

Mai Hoto Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum. Jiya bayan la'asar na samu mujiya a kan wani gawo a hanyar Ajiwa, irin mai farar fuska da idanu kamar garwashi. Na ɗauki hotuna, na nuna wa ƙanena da ke koyon aikin. Ya ce na lalata su, wai na dasa ta a tsakiya, alhali ƙa'ida ita ce a kunna layukan nan da ke raba allon kyamara gida 9, a ɗora idon tsuntsu inda layi ya gitta layi. Na ce masa ido ba mudu ba, ya san kima. Ya ce karin maganar ba ta hau nan ba. Malamai, wa ke da gaskiya?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Daga wajen awo maganar ta fito. Mai hatsi zai dubi tsibin gero ya ce tiya goma ne, a auna a samu kusan haka. Kima a nan ƙiyasi ne, 'yar uwar "kimanin". To amma wane ido? Idon da ya shekara yana kallon mudu. Ka kai yaro kasuwar Charanchi ka ce ya ƙiyasta buhu, ka sha dariya.

'Yar Daura:
Malam, a gafarce ni, mu a gidanmu da ƙ muke jin ta: ya san ƙima, wato daraja. Kakata takan faɗe ta in an kawo tuwo ɗan kaɗan ga babban baƙo. Nufinta ko ba a auna ba, ido ya ga an rage wa mutum matsayi.

Malamin Hausa:
Hajiya, ai misalin kakar taki ma awo ne, ido ya ga tuwon bai kai ba. Sai dai ƙima mai ƙugiya daga Larabci take, kuma ban isa in ce tsohuwa ta yi kuskure ba.

Ɗan Ganuwa:
Yaya Mai Hoto, ƙanenka ya fi ka gaskiya, amma ba don layi ba. Ina mujiyar ke kallo? Idonta ba ya juyawa cikin gurbinsa kamar namu, kan gaba ɗaya take juyawa, har digiri 270, saboda ƙasusuwan wuyanta 14 ne, namu 7. Shi ya sa duk inda ta fuskanta, can mai kallon hoto zai bi. In ta dubi hagu ka bar mata fili a hagu, in ba haka ba sai ka ga kamar ta kafa goshi a bango. Amma in kai ta zuba wa ido, fuskar nan mai kama da faifai ta daidaita dama da hagu, to tsakiya ce wurinta, layi ya yi haƙuri.

Mai Hoto Ƙofar Marusa:
Ni take kallo tar! Ka ga ke nan ido ya san kima.

Ɗan Ganuwa:
Kar ka yi saurin tafi. Na ga hoton a wayar ƙanenka. Akwai reshe da ya fito daidai tsakar kanta kamar ƙaho, ga farin sama mai hazo ya cinye rabin hoton, har fuskar ta yi duhu. Da ka matsa taku biyu gefe, ganyen gawon ne zai zauna bayanta, tunda shi gawo da rani yake da ganye. Idonka ya auna tsuntsu, ya manta da abin da ke bayan tsuntsu.

Baba Mai Gona:
Ku yara, ni abin da ya ɗaure min kai shi ne mutum ya bar aikinsa ya bi mujiya. Mu mun tashi in ta yi kuka a kan soro sai a yi ta a'uziyya. Ba ku ji ana cewa an mai da wane mujiya ba?

'Yar Daura:
Baba, ranka ya daɗe, wannan maganar ita ce ma jagorar masu hoto. In ka ji ƙananan tsuntsaye sun taru kan bishiya ɗaya da rana suna ta tsiwa, sau da yawa mujiya suka gano. Ka duba ƙasan bishiyar, za ka ga dunƙulen gashi da ƙasusuwan ɓera da take amayarwa. Ɓerayen rumbunka take ci maka, Baba.

Baba Mai Gona:
To Allah ya ba ta sa'a, amma dai a can kan gawo.

Malamin Hausa:
Tambaya ɗaya, Mai Hoto. Kusa nawa ka je mata?

Mai Hoto Ƙofar Marusa:
Gaskiya na matsa har ta miƙe ta tsuke jiki ta zama kamar guntun itace, sannan ta tashi. Ban dai kunna mata filasha ba. Ranar Asabar zan koma da ƙanen nawa, shi ya riƙe layinsa, ni in tsaya daga nesa. Ɗan Ganuwa, ko za ka ara min dogon gilashin nan naka na kyamara, mai jawo abu daga nesa?