Baba bai manta komai ba, amma halinsa ya sauya

Assalamu alaikum. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa, don Allah ku taimaka min. Mahaifinmu yana da shekara 58, likita ya ce cutar da ke lalata gaban ƙwaƙwalwa ce ta kama shi, ba Alzheimer mai jawo mantuwa ba. Abin da ya ɗaure min kai, yana tuna sunan kowane jika. Amma mutumin da ko tari ba ya yi gaban surukai, yanzu sai ya zura hannu a kwanon baƙo, ya kwashe alewar yara ya cinye, ko kunya babu. Dangi sun dage sammu ne.

Mantuwar za ta biyo baya ne? Kuma maganin donepezil da ake ba masu Alzheimer, da gaske yana iya ƙara masa rikicewa?