Lensin da Baba ya bari sun ƙi ganin nesa a kyamarata, ina mafita?

Mai tambaya, daga Mabera, Sakkwato:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar hoto. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai ɗaukar hoto ne tun zamanin da ake wanke fim a ɗaki mai duhu. Da aka zo rabon gado babu wanda ya kula da akwatinsa na ƙarfe, sai Inna ta ce in ɗauka tunda ni na gado sha'awar. A ciki na tarar da Canon AE-1 da lensinta biyu, FD 50mm f/1.8 da FD 200mm f/4, da wani guntun abu mai gilashi an rubuta masa 2x, wanda na ji ana kira kwambata. Akwai kuma wata kyamara mai nauyi 'yar Rasha, Zenit, da lensinta Helios 44-2. Kowanne a naɗe cikin tsohuwar hula, kamar jiya ya ajiye su.

Ni Canon 600D gare ni, ta hannu. Na zaci tunda duk Canon ce, hawa kawai za su yi. Suka ƙi. Na yi odar adafta ta intanet, ta iso bayan mako uku, lensi ya zauna daram. Amma na 50 ɗin sai na kai kyamara kamar kamu ɗaya da abu sannan ya fito. Na 200 kuwa iyakarsa bangon tsakar gidanmu. Dogonyaron ƙofar gida ma dishi-dishi yake, ko na murɗa fokas har ƙarshe. Da na sa kwambatar a tsakani sai duhu ya ƙaru.

Burina in ɗauki 'yan kokowa daga bayan 'yan kallo, da mahaya ranar Sallah, da tsuntsayen bakin ruwan Kwalkwalawa. Lensin ne suka lalace don daɗewa, ko adaftar ce ta bogi, ko ni ne ban iya ba? Ba na son sayar da su, kayan Baba ne.

Wani dattijo mai hoto, daga Rijiyar Ɗorowa:

Wa'alaikumus salam. Allah shi jiƙan mahaifinka, shi kai haske kabarinsa. In a garin ga ya yi sana'ar, da wuya ba mu taɓa haɗuwa wurin wankin fim ba.

Ɗana, kwantar da hankalinka, lensinka lafiya lau suke. Tazara ce ke damun ka. Kowane lensi an ƙera shi ne shi zauna a wani nisa ƙayyadadde daga fim, ko daga sansa ga kyamarorin yanzu. Na FD milimita 42 ne. A 1987 Canon sunka bar wanga baki sunka koma EF, irin na kyamararka, shi kuwa milimita 44 ne. Ka ga ko babu komai tsakani, lensin Babanka ya riga ya wuce mazauninsa da milimita 2, sannan ga kaurin adafta ka ƙara a kai. Lensi kuwa in ya matsa gaba daga sansa, kusa kaɗai yake gani, nesa ta ɓace masa. Mu da munka ga wanga canji mun ji shi a jika, don lensin da mutum ya yi shekaru yana tarawa rana ɗaya sunka ƙi hawa sabuwar kyamara.

Ɗauko adaftar ka ɗaga ta ga haske. In rami ne fayau babu gilashi, to ba ta bogi ba ce, iyakar aikinta ke nan. Kada ka yar da ita, tana da kyau ga ɗaukar zanen lalle, ko zobe, ko ɗinkin hula.

Wani matashi, daga Gawon Nama:

Yaya, ai akwai adafta mai gilashi a ciki, ita tana maido da ganin nesa. Ka sayi ita kawai ka huta.

Dattijon ya ƙara da cewa:

Tana maidowa, ban musa ba. Amma ita ma wannan gilashin ƙaramar kwambata ce, tana ƙara jawo hoton kaɗan, tana cin haske, kuma masu arahar cikinsu suna sa hoto shi yi kamar an hura masa hayaƙi in an buɗe ƙofar haske duka. Sai ka rage zuwa f/5.6 ko f/8 sannan shi fara washewa. To yaron ga yana son ya ɗora kwambata 2x a kan wannan. Gilashi bisa gilashi bisa gilashi. Kuɗinsa zai tafi, ransa shi ɓaci, shi koma yana zargin lensin mahaifinsa da bai yi laifi ba.

Wata mai ɗaukar hoton biki, daga Arkilla:

Allah ya gafarta wa Baba. Ɗan'uwa, irin lensinka na 50 ɗin nan da shi nake ɗaukar amare, kuma mata suna son yadda yake fitar da fata babu kaifi mai tona kowane ƙurji. Sai dai ni a kan Sony a6000 nake ɗora shi. Kyamara marar madubi bakinta kusa yake da sansa, ta Sony milimita 18 ne kacal. In ka cire 18 daga 42 saura 24, wannan shi ne kaurin adaftar, bututu ne zalla babu gilashi, lensi ya koma mazauninsa na asali ya ga kusa ya ga nesa. In ka fi son zama a Canon, EOS M ma 18 ɗin ce, kuma ana samun ta ta hannu.

Abu biyu da suka wahalar da ni da farko. Kyamarar ta ƙi ɗauka sam, ashe sai an shiga saiti an ba ta izinin ɗauka ba tare da lensi ba, don ita ba ta san an ɗora mata komai ba. Na biyu, a jikin adaftar FD akwai wani zobe mai rubutu biyu, Open da Lock. A Open ake ɗaura lensi, sannan a murɗa zuwa Lock, in ba haka ba ka yi ta juya lambobin ƙofar haske babu abin da zai motsa. Na yi kwana biyu ina zaton lensin ne ya mutu.

Kuma ka kunna saitin nan da ke shafa launi a gefen abin da fokas ya kama. In na ga ja ya hau gashin idon amarya, sai in danna.

Wani malamin makaranta mai ɗaukar tsuntsaye, daga Runjin Sambo:

Bari in tsaya a kan kwambatar, don nan na fi daɗewa. Jerin ɗaurawa shi ne kyamara, adafta, kwambata, sannan lensi. Tunda kwambatar ta hau lensinka na FD, ita ma bakin FD gare ta, adafta guda ta ishe su.

Abin da take yi shi ne ta ɗauki tsakiyar hoton da lensi ya kawo ta faɗaɗa shi ninki biyu. Na 200 ya zama 400. Amma hasken da ke isa sansa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato f/4 ya zama f/8. Duhun da ka gani ke nan, ba lalacewa ba ce. Mai 1.4x rabin haske take ci, shi ya sa da yawa suka fi son ta. Kuma ba ta ƙara wa lensi kaifi, duk wani aibu da ke cikinsa shi ma ninka shi take yi. Tsofaffin kwambatoci akwai masu gilashi huɗu, akwai masu bakwai. Duba jikin taka, in ka ga MC7 ko an rubuta 7, ka dace. Masu huɗu gefen hotonsu yakan yi laushi ƙwarai.

Sannan girgizar hannu. A kan a6000, 400 yana kama abin da 600 ke kamawa a fim, don sansarta ta fi fim ƙanƙanta. Ka ƙi rage saurin shota ƙasa da 1/600, gara ma 1/1000 in ɗan kokowa ne yana ɗaga abokin karawa. A f/8 wannan sai da rana tsaka ko ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na sansa. Kokowar yamma kuwa, da la'asar ta yi sanyi ga ƙura ta tashi, cire kwambatar ka bar na 200 shi kaɗai. A6000 ɗin tana da megafiksel 24, ka yanke hoton a kwamfuta. Na gwada duka biyun a kan belbela guda a bakin ruwa, sau da yawa yankakken ya fi fitowa.

Akwai kuma abin da ba lensi ne ke jawo shi ba, garinmu ne. Cikin bazara daga ƙarfe goma sha ɗaya iska kanta rawa take yi bisa ƙasa, kamar kawalwalniya a kan kwalta. Cikin hunturu kuma ga hazo. Duk lensi mai jan nesa wannan iskar yake jawo maka tare da tsuntsun. Ni da asuba nake fita, in kafa ƙafa uku kafin rana ta ɗaga, zalɓe yana tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi. A lokacin ne kwambata ke biyan kuɗinta.

Wani ɗalibi, daga Gidan Igwai:

Malam, ku gafarce ni in raɓa da tawa. Ina da tsohon lensin Nikon 135mm, an ba ni kwambata TC-301, na zo ɗaurawa na ji wani abu ya tokare. In matsa da ƙarfi?

Malamin makarantar:

Kul! Ajiye ta. TC-301 gilashinta na gaba ya turo waje, an yi ta ne don lensin 300 zuwa sama masu rami a baya. Abin da ka ji gilashi ne ya taɓa gilashi. Wadda ta dace da naka TC-200 ce ko TC-201. Kuma ka duba ko lensin naka na kafin 1977 ne, wato kafin Nikon su fito da tsarin bakin lensi da suke kira AI. Irin waɗannan suna hawa kyamarorin Nikon D3200 ko D5300 lafiya, amma a D7000 suna iya karya ɗan harshen da ke gefen bakin kyamara.

Dattijon Rijiyar Ɗorowa:

Duk kun manta da ɗan Rasha. Ɗana, kafin ka tara kuɗin wata kyamara, Helios ɗin nan shi ne zai yi maka aiki gobe-goben nan. Bakinsa mai zare ne, M42, tazararsa ta ɗara milimita 45, ta fi ta EF. Saboda haka wani siririn zobe marar gilashi ya ishe shi hawa 600D, kuma shi ga nesa. Milimita 58 ne, f/2. A kyamararka zai kama kamar 93, daidai hoton fuska. Ka tsayar da mutum gaban itace mai ganye rana na ratsawa, ka ga yadda bayansa ke juyawa. Zobe biyu gare shi a gaba, ɗaya ka zaɓi lamba, ɗaya ka buɗe ka yi fokas sannan ka rufe. Kyamara ka sa ta a Av ko M, haruffan da ke kan abin murɗawa na samanta.

Ka haska tocila cikin kowane lensi. In ka ga kamar saƙar gizo, fumfuna ce, raba shi da sauran. In ganyen ƙofar haske na ƙyalli, man ciki ne ya narke ya gangaro, zafinmu kan yi haka, don haka kada ka bar su cikin mota ko but ɗin babur. Kuma kada ka goge gilashi da gefen riga, ƙurar hunturu yashi ce, hure ta tukuna. In ka samu sarari kawo mini AE-1 ɗin in gani, batir 6V guda take ci, mai yiwuwa tana nan da ranta.

Mai tambaya ya dawo bayan kwana goma:

Baba, Malam, Hajiya, Allah ya saka muku da alheri. Na ɗaga adaftar ga haske, rami ne fayau kamar yadda kuka ce. Na samo zoben M42, Helios ya hau, dogonyaron ya fito har ina ƙirga ganyensa. Tocila ba ta nuna fumfuna ba, sai 'yar ƙura a cikin na 200. Kwambatar kuma ban ga 7 a jikinta ba, na mayar da ita cikin hularta sai ranar da na samu marar madubi in gwada da asuba. Na fara tari.

Hoton farko Inna na ɗauka, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa. Na yi huɗu kafin fokas ya zauna a idonta. Da na nuna mata sai ta karɓi kyamarar, ba ta ma dubi hoton ba, ta shafa lensin ta ce wai da wannan mahaifina ya ɗauke ni ranar sunana. Baba, ranar Asabar bayan la'asar zan kawo muku AE-1 ɗin, in kuna gida.